Marka da Muryar Ɗan Farinta

A Kebbe in ka ce Marka mai daddawa, ba wanda zai tambaye ka wace Marka. Ko baƙo ne, hancinsa zai kai shi ƙofar gidan kafin a gama yi masa kwatance. Tun tana amarya a gidan Ɗangiwa take dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta rufe a kwando da ganye har ta nuna, sannan ta daka ta shanya. Ɗangiwa manomi ne mai 'yan shanunsa, mutum mai sanyin hali. Ya rasu ya bar ta da gidan da tukwanen, 'ya'ya kuma kowa ya tafi inda aure ko aiki ya kai shi. Ita kam ba ta san sanyin hali ba. 'Yar firit ce mai kaifin baki, in ta tsaya ciniki sai mai saye ya ji kamar roƙo ya zo yi. Abu ɗaya ne ke rufe mata baki ruf: a ambaci ɗanta na fari.

Sunansa Abdulganiyyu. Mu ne muka faɗa, ita ba ta taɓa faɗa ba.

A gidajen da suka san kansu a wannan yanki, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta kallon tsakiyar idonsa. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace. To, Marka ta ɗauki abin nan ta kai shi inda ko tsofaffi sai da suka ce ta cika. Ranar da aka yaye yaron, wan Ɗangiwa, Malam Bube, ya zo daga Tambuwal ya tafi da shi riƙo, kamar yadda aka saba. Ana fita da shi a kafaɗa yana tsala ihu, Marka tana bayan ɗaki tana surfe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Mata suka yi ta yaba mata. Ba wadda ta lura cewa kalwar ta riga ta surfu tun ɗazu, dukanta kawai take yi.

Daga ranar nan ya zama "mutanen Tambuwal". In wani ya dawo daga can, sai ta bari a gama maganar farashin gero da ta ruwan sama, sannan ta ce, tana kallon wani wuri, "Ya mutanen Tambuwal?" Kowa ya san mutum ɗaya take nufi. In aka ce mata yana lafiya, ya yi tsawo, karatunsa ya yi nisa, sai ta taɓe baki ta ce, "Wa at tambaye ku?" Amma ranar daddawarta takan yi araha, don da gyara mai yawa take sallamar kowa.

Shi ma yaron haka ya tashi. In ya zo gaisuwar Salla, daga bakin ƙofar ɗaki yake durƙusawa, kai a ƙasa, murya can ciki kamar mai tsoron tashin jariri. Ita kuma ta juya wajen tukunya ta amsa a gajarce. Ba faɗa, ba gaba. So ne mai yawa, kowa ya rufe nasa don girmama ɗan'uwansa, kuma a lokacin abin bai cuci kowa ba, tunda tana jin 'yar gaisuwar tasa.

Sai wata bazara zazzaɓi mai sanƙarar da wuya ya shigo gari. Ya kwantar da Marka har an fara fid da rai. Ta tashi, amma ta tashi cikin wata duniya mai shiru. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ya rage, sai dai kamar an toshe shi da auduga: tana jin ana magana, ba ta jin me ake cewa, sai in an matso an ɗaga murya a saitinsa. Marka ba ta zauna kuka ba. Ta koyi kallon baki. Mai saye ya ce a rage, tun bai rufe baki ba ta karanta a leɓensa ta ba shi amsa, da ƙarfi kuwa, don tun da ta daina jin kanta ta daina sanin inda muryarta ke kaiwa. Da haka ta ci gaba da jin kowa a Kebbe ta hanyar ido.

Kowa, ban da mutum ɗaya. Yaya za ka karanta bakin wanda ba ka kallo? Shi kuma yaya zai ɗaga murya ga uwar da bai taɓa ɗaga wa murya ba? Yana zuwa ya durƙusa ya yi 'yar maganarsa a ƙasa, ita ta ga inuwarsa a bakin ƙofa, ta ƙiyasta ya gama, ta ce, "Lafiya lau, madalla." Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Ko gaisuwa yake yi, ko wani abu yake roƙo, ko labarin haihuwa ya kawo, amsar dai ɗaya ce.

Abin haushi, a cikin shekarun nan ne muryar tasa ta yi suna. Abdulganiyyu ya zama alaramma. Da azumi shi ke jan baki a tafsirin wani masallaci a Tambuwal, wato shi ke karanta ayoyi, malam yana fassarawa. Mutane har daga Jabo da Sanyinna suke hawo babura don su ji shi. Matan Kebbe da suka je suka dawo sai su tsaya a kan kwandon daddawa suna ba juna labari, wai in ya ja aya sai tsigar jiki ta tashi, wai tsofaffi kuka suke yi. Marka tana karanta komai a bakinsu tana ƙirga musu daddawa fuska a ɗaure. Duk garin ya ji abin da ta haifa, ita kaɗai ce ba ta ji ba, kuma ba ta da bakin cewa tana so.

Autarta ce ta gane. Batula ke nan, malamar firamare da ke aure a Tambuwal. Tsakanin uwa da auta ba kunya, sai tsiya da tsokana. Wata rana Batula ta zo da ɗaukar karatun a waya, ta kanga mata a kunne ba tare da ta ce na wane ne ba. Amma ɗaukar daga cikin taro aka yi ta, daga bakin lasifika, ga janareta, ga tarin tsofaffi, ga kukan yara. Abin da ya isa kunnen Marka bai wuce gunji ba, irin na injin niƙa daga nesa. Suka gwada ɗan abin nan na sa wa a kunne da ake sayarwa a kasuwa. Shi kuma ya ƙara wa komai ƙarfi, har motsin kaza, ya riƙa yi mata fito a ka. Kwana kaɗan ta jefa shi cikin kwalla ta rufe.

"Inna, in ce ma Yaya shi karanta miki ke kaɗai cikin waya?" in ji Batula, baki a saitin kunnen dama.

Marka ta dube ta kamar ta zage ta. "Ki ce mishi mi? Ni nic ce ina so? Kar ki kuskura ki zubda min mutunci."

Da kunnen daman ya fara ƙara nauyi, Batula ta ja ta Sakkwato wajen likitan kunne. Ya haska, ya sa mata wani abu a ka, ya ce ta ɗaga hannu in ta ji ƙara. Hannun bai cika ɗaguwa ba. Da ya juya yana yi wa Batula bayani, ya manta da cewa tsohuwar da ke gefe tana kallon bakinsa. Ta ga ya ce na daman ma tafiya yake yi, kuma da sauri. Ta ga ya ce da wuya ya kai baɗi. Suka hau mota suka kamo hanyar gida. Marka ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fid da rai da ita, kuma ta san ba shirun take tsoro ba. Tsoronta ƙofar kunnen ta rufe ba ta ji yaron nan ba.

Azumi ya kama, ya yi nisa. Ana cikin goman ƙarshe sai ga Batula a Kebbe, da murnarta tun daga zaure. Ta zaunar da uwar, ta riƙe fuskarta ta saita da tata don kar kalma ta faɗi.

Ta ce bana akwai sabon abu a masallacin. Mudassir, mai kula da lasifika, ya haɗa wani ɗan akwati a jikin na'urar magana saboda tsofaffi masu nauyin kunne. Akwatin yana ɗaukar murya daga bakin mai karatu kai tsaye ya aika wa wayoyin da ke kusa. In kana da babbar waya, sai a sa maka wata manhaja, ka sa iyafis mai igiya a kunne, ka ƙara sauti yadda kake so. Ba gunjin lasifika, ba janareta, ba tarin kowa. Kamar mai karatun ya sunkuyo yana karanta maka kai kaɗai. Ta ce ta ga wani dattijo da ya shekara yana gyangyaɗi a tafsiri, bana shi ke riga kowa cewa na'am.

"Kuma Inna, igiyar ƙarƙashin hijabi taka bi. Ba mai sanin kina saurare."

A nan ne Marka ta ɗago. Duk bayanin akwati da manhaja bai shige ta ba kamar wannan. A ji ba tare da an san ana ji ba! Wanda ya ƙirƙiro abin nan, ta ce a ranta, lalle uwarsa ta san kunya.

A fili kuwa cewa ta yi, "Ni dama ƙafar ga tawa na son a duba ta asibitin Tambuwal."

"Awo, Inna," in ji Batula, tana danne dariya. "Ƙafa ta. Jibi aka rufe tafsiri, sai mu tafi gobe a duba ƙafa."

Marka ta sallami daddawar da ke ƙasa, ta ɗauko atamfar da ta ajiye don biki, ta sake mayarwa, don kar a ce ta yi ado saboda wani. Ta sa tsohuwa. Suka bi mota da rana tsaka suka sauka gidan Batula, kuma Marka ta kafa sharaɗi cewa kada a gaya wa mutanen Tambuwal ta zo.

Tafsirin da hantsi ake yi. Maza a ciki da farfajiya, mata a wani fili a gefen masallacin, an shimfiɗa tabarmi tun daga jikin bango har wajen wata bishiyar dogonyaro. Ranar rufewa ce, wuri ya cika maƙil. Sahun gaba, wanda ke jikin bango ƙarƙashin tagogi, nan matan malamai da manyan mata suke zama. Marka ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta wuce can ƙarshe, bayan kowa, ta zauna a gefen tabarma kamar wadda ta biyo hanya ta gaji. Batula ta zura mata igiyar ta ƙarƙashin hijabi, ta danna abin a kunnen dama, ta shafa waya.

Shiru.

Ta sake shafawa, ta ɗaga wayar sama, ta juya ta. Lasifika tana ta aikinta a kan bango, Marka tana jin bugunta a ƙirji, ta san an fara. Ta ga kawunan mata sun sunkuya gaba ɗaya, ta gane shi ne ke karatu. Batula ta nuna mata da hannu cewa sun yi nisa, akwatin ba ya kawowa nan. Suka ja jiki gaba kaɗan. Shiru. Suka ƙara, suna ba da haƙuri, suna tsallake ƙafafun mutane, har suka kai tsakiyar fili.

Nan abu ya taɓa kunnenta. Murya ce, ta namiji, kusa ƙwarai har sai da ta zabura ta waiga. Ta fito rabin kalma ta yanke. Ta dawo, ta ja wani harafi, ta sake yankewa. Kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa. Marka ta damƙe hannun Batula har farce ya shiga. Kafin ta tattara hankalinta wuri ɗaya, ayar ta ƙare, malam ya karɓa da fassara, shi ma a gutsure.

Batula ta ce ta jira, bari ta zagaya ta roƙi Mudassir ya matso da akwatin bakin taga. Marka ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Ba a jima ba ta dawo tana girgiza kai. Igiyar akwatin gajera ce, ba ya matsuwa. Mudassir ya ce duk mai son ji sosai sai ya zo jikin bango.

"Kin ce mishi don wa?" in ji Marka.

"Na ce don innata. Mi na na ciki?"

Marka ba ta samu ta amsa ba, don tambayar da ta yi, a ganinta raɗa ce, amma rabin filin ya ji. Wata mata a sahun gaba ta waigo. Sunanta Tambaya, 'yar Kebbe ce da ke aure a nan, mace mai kirki wadda bakinta ba shi da murfi. Ta miƙe tsaye tana tafa hannu.

"La ilaha! Marka ta! Ke jama'a, ga uwar alaramma nan tsakar rana! Ku ba ta wuri, ku ba ta wuri gaba!"

Nan da nan fili ya motsa. Mata suka dare, hanya ta buɗe tun daga inda take har jikin bango, aka kakkaɓe tabarma, wata har ta shimfiɗa dardumarta daidai ƙarƙashin taga. Wurin da take bukata ke nan, ba ƙari ba ragi, an share an miƙo mata. Idanu kuwa sun fi a ƙirga, duk a kanta, kowa na murmushi yana jiran ya ga uwar da ta zo jin ɗanta.

Marka ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Ta miƙe ta ce, "Ni ba wurin kowa niz zo ba. Ƙafa ak kawo ni." Ta juya ta koma baya, ta wuce inda suka fara zama, ba ta tsaya ba sai bayan dogonyaro. Abin da ke kunnenta ya yi tsit.

Wallahi abin tausayi ne, kuma abin haushi. Tsohuwa da azumi a baki, ta baro garinta, abin da take nema yana nan ƙarƙashin taga, ba mai hana ta, kowa ma roƙonta yake ta zo ta ɗauka. Amma abin da aka yabe ta a kansa tun tana yarinya shi ya riƙe mata ƙafa. Ta tsaya tana kallon bangon. Ta ga kawuna sun sake sunkuyawa, sun ɗago, sun sake sunkuyawa. Kowace sunkuyawa aya ce ta wuce ta.

Batula ta zo ta tsaya gabanta, ido ya cika. Ba ta ɗaga murya ba, baki kawai ta motsa a hankali don uwar ta karanta.

"Inna, yau aka rufewa. Baɗi kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma bukatar ƙarasawa.

Marka ta daɗe a tsaye. Rana ta ɗago, inuwar bishiyar ta tattare ta koma gindinta, wadda ta rage mai kauri sai ta jikin bangon masallaci. Ta dubi inuwar nan, ta dubi ƙafarta. Can sai ta gyara hijabi, ta kama hanya, tana ɗingishin da ba ta zo da shi ba, tana faɗa da ƙarfi yadda kowa zai shaida:

"Rana ad dame ni. Inuwa nika bi, ba komi ba."

Mata suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya, suka ce, "Gaskiya na, Inna, rana ta yi zafi." Allah ya saka musu, sun rufa mata asiri. Ta zauna a dardumar, ta juya wa tagar baya, ta ja hijabi ta rufe fuska har haɓa.

Malam na cikin fassara, sai ga maganarsa tar a kunnenta, kowace kalma da gefenta. Rabon da ta ji magana haka tun kafin zazzaɓin nan. Har numfashinsa tana ji. Ya kai ƙarshe ya yi shiru, aka ɗan yi motsi, sannan mai karatu ya ɗauka.

Ashe haka take in ta fito sosai! Murya ce siririya mai zaƙi, tana hawa a hankali ta sauka ba gargada, in ta zo ƙarshen aya ta ɗan karye kamar mai shirin kuka. Marka ta ji ta tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ta saurara da kyau ta ce a ranta, wannan karyewar ta Ɗangiwa ce, haka yake yi in yana kiran shanu da yamma. Wannan ja ɗin kuma na gidansu ne, na babanta. Ta yi ta rarraba muryar tana ba kowa rabonsa. Hawaye suka jiƙa hijabin ta ciki, ba ta share ba, tunda ba mai gani. Yaron da aka fita da shi a kafaɗa yana ihu, ga abin da ihun ya zama.

Ta ji hannun Batula a gwiwarta, yana ɗan girgiza ta. Ta ture. Hannun ya dawo. Ta make shi. Yanzu kuma me? Duk abin da ke bakin auta ya jira. Ta runtse ido tana kwasar kowace aya tana adanawa, don ta san da wannan za ta zauna in ƙofa ta rufe.

Aka kai ƙarshe. Malam ya yi addu'a mai tsawo, ya gode wa masu shara da masu shimfiɗa da mai lasifika. Sannan ya gyara murya, kuma wayar nan mai aminci ta kawo mata maganarsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta zubar da ko harafi ba.

"Jama'a, kun ga an canza mai jan baki tsakiyar karatu. Ba rashin lafiya ba ne. Labari ya iso wa Alaramma Abdulganiyyu cewa mahaifiyarsa tana nan cikin mata. Ya ce shi ba ya iya ɗaga murya a gabanta, kuma ba ya son a yi ta kallonta saboda shi. Shi ya sa ya miƙa wa ɗalibinsa, Malam Gazali, ya ƙarasa mana, Allah ya yi masa albarka. To, wannan ita ce tarbiyya, irin wadda ta yi ƙaranci a yau. Allah ya saka wa uwar da ta yi wannan tarbiyya."

Amin ɗin da aka amsa har a ƙasa ta ji shi. Mata suka yanyame ta. Wannan ta kama hannu, waccan ta dafa kafaɗa, Tambaya tana share hawaye tana cewa ita dama ta sani, gidan Marka gidan kunya ne. Marka ta buɗe fuska, don ba dama a ƙi. Ta ga bakuna suna ta motsi, barka, barka, kin ji daɗi, kin haifa. Ta sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata uwa ta yi in ana yabon ɗanta. Suka ce dubi, har yanzu kunya take ji.

Ba ta yi fushi da ɗan nata ba. Ina za ta sa fushin? Abin da ta koya masa ne ya yi, bai rage komai ba, kuma da wata ce aka yi wa haka, da ita ce ta farko wajen yabawa.

Sai da fili ya watse suka tashi. A hanya Batula tana riƙe da wayar da igiyar a dunƙule, ta kasa kallon uwar. Da suka shiga wani lungu da ba kowa, Marka ta tsaya ta juyo da ita.

"Waccan murya ta farko, mai yankewa. Ita at tashi?"

"Ita ta, Inna."

"Da niz zauna gaba fa? Ko aya guda?"

Batula ta girgiza kai. Ta buɗe baki, ta yiwu za ta sake cewa a bari ta yi masa magana, sai ta ga fuskar uwar, ta rufe.

Marka ta jingina da katangar wani gida. Ta toshe kunnen daman da tafin hannu, ta runtse ido, ta koma tsakiyar filin nan tana neman rabin kalmar da ta ji, da harafin da aka ja aka yanke. Ta san ta ji su. Ta san kauri ne da muryar ko siranta ce, ai ta ji. Ta nema, ta sake nema. Duk inda ta taɓa, muryar Gazali ce ke tasowa, cikakkiya, mai zaƙi, aya bayan aya, don ita ta adana da kyau.

"Batula," ta ce, wannan karon a hankali ƙwarai. "Muryar tashi ɗin, babba ta ko ƙarama?"